Ranar da Na Yi wa Surukina Feshin Taurari

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina yanzu, har tabarau nakan nema yana kan hancina, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen shekarun saba'in ba, ranar rabon kyaututtuka a makarantar kwana da na fara koyarwa a ƙasar Kazaure. Ranar ce na tashi nuna wa mutumin da nake neman auren 'yarsa cewa ni mai hankali ne, kuma mai sana'ar kirki. (Ba zan faɗi sunansa ba. Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, amma har yau bakina bai iya ba. Alhaji kawai za mu ce.)

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake a lokacin, don kada ku tausaya mini fiye da kima. Ni ɗan Roni ne, ɗan manomi, da fartanya na tashi. To kuɗin mai ya fara zuba, gwamnati tana ɗibar malaman kimiyya tana tura su kwas ƙasashen waje kamar ana rabon goro, ni ma rabo ya kai ni Ingila. Wata tara na yi. Wata tara kacal, amma da na dawo sai ka rantse can aka haife ni. Na tara suma ta yi tozo, wandona mai faɗin ƙafa yana share hanya, ga kwat a tsakiyar bazara, in an gaishe ni sai na ɗan yi jim kamar ina laluben Hausar a aljihu. Gwano ba ya jin warin jikinsa, ni a ganina ci gaba ne ya iso Kazaure da ƙafafunsa.

A can Ingila ne wani malaminmu ya kai mu kallon wani ƙaton faranti na ƙarfe, ya fi harabar masallacin Juma'armu faɗi, an kafa shi yana fuskantar sama. Ba haske yake kamawa ba, sauraro yake yi, yana ɗauko irin igiyar da akwatin rediyo ke kamawa, amma wadda ke zuwa daga can ƙurewar sama. Malamin ya yi mana bayani cewa taurari ba a warwatse suke ba, garke-garke suke, kowane garke da taurarin da ba sa ƙirguwa, kuma ranarmu ɗaya ce tak a cikin garkenmu. Turawa na cewa galaksi, ni kuwa na raɗa masa garken taurari. Yawancinsu lafiya lau suke zaune. Amma akwai waɗanda cibiyarsu ta kama ci. Wani abu ne mai tsananin nauyi a tsakiya (a lokacin ana zaton baƙin rami ne, wanda ko haske ba ya kuɓuta daga gare shi, daga baya zaton ya tabbata), yana zuƙo iskar gas da ƙurar da ke kewaye da shi, suna juyawa suna ɗaukar zafi har haskensu ya danne na taurarin garken gaba ɗaya. Kuma ba duka yake haɗiyewa ba. Wani kaso yakan tsere ta hanya biyu, ɗaya nan ɗaya can, baya da baya, feshi siriri mai gudun da ya kusa na haske, ya keta garken ya fice har ya wuce iyakarsa.

Abin da ya kama ni shi ne wannan: gas ɗin da feshin ke turewa yana ɗumamawa, da shi ake samun sababbin taurari. Sai ya huce ya dunƙule sannan tauraro ke fitowa. In feshi ya kore shi ko ya hana shi hucewa, garke ya daina haihuwa ke nan, sai tsofaffin su yi ta tsufa. A lokacin malamin da "wataƙila" yake faɗin wannan ɓangaren. Ni da na dawo gida na bar "wataƙilar" a jirgi.

Ba ni da wata hira sai ita. A wurin suna, a zaman makoki, a cikin motar haya daga Kano, duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni sai ya ji labarin cibiya mai ci da feshinta. Kafin wata shida, daga Gwiwa har Yankwashi ba a kirana da sunana, sai Malam Mai Taurari. Na ɗauka lambar yabo ce.

Ana cikin haka na haɗu da Hajara, tana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Ita kaɗai ce ta taɓa saurarona har ƙarshe, sannan ta ce in je in yi aski. Na yi askin washegari, kuma tun daga nan na san na kamu. Baffana, Baffa Sule, ƙanin mahaifina, shi ya ɗauki maganar ya kai Babura wurin mahaifinta.

Alhaji ɗan kasuwa ne na gyaɗa da shanu, aljihunsa ɗaya naira ɗaya sefa, mutum mai sahun farko da ƙarancin magana. Baffa ya dawo ya same ni a gidan malamai, ya jingine kekensa, ya sha ruwa, ya zauna.

"Bai ce e ba, bai ce a'a ba," in ji shi. "Ya ce ya ji labari aikin taurari kake yi, shi kuwa ba ya ba ɗan duba 'yarsa."

Na ce, "Baffa, ba ka yi masa bayani ba?"

"Na yi mana. Na ce, Alhaji, ai ba duba su yake yi ba, sauraronsu yake yi."

"Sai ya ce me?"

"Sai ya yi a'uziyya."

Ƙarshenta dai Alhaji ya ce a ba shi lokaci, gani ya kori ji, sai ya tabbatar da irin aikin da nake yi kafin ya ba da amsa. Ina son yarinyar nan so na gaske, kuma na san in Alhaji ya ce a'a sau ɗaya, ba ya maimaitawa.

A daidai wannan lokacin ne Firinsifal ɗinmu ya tara malamai kan shirin ranar rabon kyaututtuka. Mutum ne mai son a gani a yaba. Ma'aikatar ilimi ta turo mana akwatuna cike da kayan gwaje-gwaje na zamani, suna jibge a sito ba a buɗe ba, domin duk da lantarki suke aiki, mu kuwa wayar lantarki ta iso har bakin ƙofar makaranta ta tsaya tana jiran wutar. Akwai janareto, amma wani ƙarfensa guda yana kan teku tun bara. Firinsifal ya ce duk da haka dole baƙi su ga kimiyya, kuma kimiyya mai motsi, ba ta kan allo ba. Malamai duk suka sunkuyar da kai. Ni na ɗaga hannu tun bai rufe baki ba.

Ranar kasuwar Gwiwa na je wurin wani tsohon maƙeri, Baba Sallau, na zana masa abin da nake so a ƙasa: bututun ƙarfe mai baki biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da wata ƙafa a tsakiya da za a jona wa tiyo. Ya ƙera mini shi kafin la'asar. Da na ce ina son aron zugazuginsa, sai ya dube ni kamar na ce ya ara mini matarsa.

"Zugazugina ba ya kwana a hannun wani, Malam. In kana so, sai dai ka ɗauke mu tare."

Haka aka yi. Na samo ƙaton faifai na kafa shi a tsaye cikin wani katako, na manna masa ƙananan duwatsun ado su ne taurari, na huda tsakiyarsa na zura bututun, baki ɗaya ya leƙo ta wannan fuska, ɗaya ta waccan. A kewayen kowane baki na rataya auduga sako-sako, ita ce gas ɗin da ake haifar taurari da shi. A cikin bututun kuwa na ɗura garin alli. Da muka gwada sai na ga farin gari ba ya fitowa sosai daga nesa, sai na sayo bula, irin wadda mata ke sa wa fararen kaya, na daka na gauraya har garin ya yi shuɗi shar. Baba Sallau ya ce in bar shi fari, ko in sa dussa, abin da in ya zuba a kan mutum zai kakkaɓe. Na yi masa murmushin wanda ya je Ingila, na ce ai ba a kan mutum zai zuba ba, dama da hagu zai tafi inda babu kowa.

"To," in ji shi. "Zugazugi dai ba shi da ido."

Tsarinmu mai sauƙi ne. Faifai a kan tebur, gefensa na kallon jama'a, bakunan bututu na kallon bangon dama da na hagu. Ni ina tsaye a bayan tebur. Baba Sallau na zaune a ƙasa daf da ƙafata, mayafin tebur ya rufe shi, don kada a ga inda iskar ke fitowa. Shekaru arba'in na dukan ƙarfe sun tafi da rabin jinsa, saboda haka ba a yi masa magana in yana zuga. A maƙerarsa ma haka suke yi, a dafa kafaɗar mai zuga ya fara, a sake dafawa ya tsaya. Ya ce shi a sana'arsu ba a sakin zugazugi don kai, sai an ce ka saki, domin mai zuga ba ya ganin ƙarfen da ke cikin wuta. Mun gwada sau biyar a zauren taro ba kowa, kuma duk sau biyar ɗin abin ya yi kyau har na ji tausayin waɗanda ba su je Ingila ba.

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil. Ɗalibai a baya, iyaye a tsakiya, manyan baƙi a sahun gaba kan kujerun da aka aro. Zafi ake yi irin wanda ke sa riga ta manne a baya. An yi jawabai, an ba da kyautar lissafi da ta tsafta, sannan Firinsifal ya ɗauki lasifika mai batir ya gabatar da ni da kalmomin da ko a kabarina ba na sa ran ji. Na fito da sandar nuni a hannu, na tsaya a bayan teburina, na ɗaga kai in ƙare wa jama'a kallo yadda na ga malaminmu na yi.

Alhaji ne zaune a tsakiyar sahun gaba, saitin hancina, taku huɗu tsakaninmu. Farar shadda ce a jikinsa, sabuwa fil, da farin rawani. Baffa Sule na gefensa yana yi mini murmushin wanda ya shirya alheri. (Daga baya na ji Baffa ne ya je har Babura ya gayyato shi, bai gaya mini ba wai don kada in tsorata. Firinsifal kuwa da ya ga baƙo ya sauko daga sabuwar mota, bai tambayi ko wane ne ba ya kai shi kujerar tsakiya.)

To ku da kuka san kunyar suruki ba sai na yi muku dogon bayani ba. Mutumin da in ka hango shi a hanya kake sake hanya, in ta kama dole ka tuɓe takalmi ka durƙusa tun daga nesa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka ɗaga murya, ko ruwa ba ka sha a gabansa. Shi ne ga shi zaune, ni kuwa a tsaye a kansa, da takalmi, da sanda a hannu, zan yi masa lacca. Wata taran Ingila ta zube daga jikina a take, ɗan Roni ya rage.

Na fara durƙusawa a bayan tebur na gaishe shi. Jama'a suka ga malamin kimiyya ya nutse ya ɓace, sai muryarsa ke fitowa daga ƙasa tana "Barka da zuwa, an zo lafiya?" Baba Sallau da muka yi ido huɗu da shi a ƙarƙashin mayafi ya kama zugazugi, na girgiza masa kai da sauri. Na miƙe. Amma fuskantar Alhaji gaba da gaba ya gagare ni. Ƙafafuna da kansu suka zagaya da ni zuwa gefen tebur, na ba sahun gaba kafaɗa, na fuskanci taga. Nan na ji dama-dama.

Sai dai duk gwajin da na yi, faifan yana gabana ne ta fuska guda, hannun hagu riƙe da katakon, na dama da sanda. Da na sauya wuri sai hannuna ya ji abin ba daidai yake ba. Ban yi shawara da kaina ba, na jawo katakon na juya shi ya dace da tsayuwata. Tiyo na roba ne, ya biyo ba gardama. Kuma ban ga abin da na yi ba, domin tun da na miƙe idona na kan takalmina.

Na fara bayani da muryar da ko sahun gaba da kyar suke ji. Firinsifal ya ga abin zai lalace, ya taso da lasifika ya tsaya a bayan tebur, ya miƙo mini ita saitin bakina. Da na ji muryata ta cika zaure sai na ɗan samu ƙarfi. Na yi maganar garke, na yi maganar cibiya mai ci, na nuna audugar na ce da wannan ake haifar taurari, yanzu za ku ga yadda feshi ke raba garke da ita. Har na ƙara da wani abu da na karanta a wata mujalla, cewa wasu masana na ganin in feshin ya saito mu kai tsaye, ya fi kowane haske ƙarfi a idonmu. Na faɗi wannan da bakina, a lasifika, ɗaruruwan mutane suna ji. Sannan na miƙa sandar ta bayan tebur na taɓa kafaɗar Baba Sallau.

Tsohon nan ya zo ne ya nuna wa 'yan boko abin da maƙera suka iya. Bugun farko ma da dukan ƙarfinsa ya yi shi.

Na ji fuu, na ji zaure ya yi tsit. A raina na ce kimiyya ta kama su. Na ci gaba da karanta wa takalmina bayani: "Kamar yadda kuke gani, feshin ba ya tsayawa a cikin garke, yakan wuce iyakarsa ya isa wurare masu nisa." Fuu. Fuu. Sai na ji lasifikar da ke bakina tana rawa, wani yana tari a bayanta. Na ɗaga ido ta hagu na ga Firinsifal, daga gira har laktaye ya koma shuɗi, yana riƙe da lasifikar dai bai saki ba. Kuma ni na koyar da cewa feshin nan biyu ne, baya da baya. Tun kafin in juya na san abin da zan gani.

Alhaji na zaune yadda yake, hannayensa a kan gwiwa. Bai kauce ba, bai kare fuska ba, bai ko sunkuya ba, domin dattijo ba ya zabura a gaban yara. Feshin na dukansa a ƙirji yana hawa gemu, gumi na kama garin yana mai da shi ruwan bula yana gangarowa kan shaddar. Audugar da na ce gas ce ta tashi ta sauka a rawaninsa da gemunsa, wani guntu ya maƙale a girarsa. Na kusa da shi duk sun zame, Baffa Sule ya koma sahu na uku ban san ta yaya ba. Shi kaɗai ya rage a tsakiyar kujeru wofi, ya lumshe ido, kowane bugu ya same shi cif.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in juya katakon, ko in fizge tiyo, ko in taɓa Baba Sallau. Ban yi ko ɗaya ba. Sandar ta faɗi daga hannuna, na zube a ƙasa na durƙusa, kaina a sunkuye, ina ta "A yi haƙuri, a gafarce ni," a hankali kuma, don ba a ɗaga wa suruki murya. Daga inda na durƙusa hannuna ba ya kai kafaɗar tsohon. Firinsifal ya yi ta ce masa ya tsaya, har ta lasifika, amma Baba Sallau ba a dafa shi ba, kuma shi ba ya saki don kansa. Bai daina ba sai da garin ya ƙare kaf, bututun ya koma hura iska zalla, tana kaɗa audugar da ke gemun Alhaji. Malamin tarihi ne ya zagayo ya dafa shi.

Ya ɗage mayafin tebur ya leƙo, yana haki, fuskarsa cike da jin daɗi. Da ƙarfi ya yi tambayar, irin ta wanda ba ya jin muryarsa.

"Yaya, Malam, taurarin sun watse?"

Ɗalibai ɗari uku sun riƙe dariya tun bugun farko saboda idon manya. Wannan tambayar ce ta ɓalle su. Na ji benci na faɗuwa a baya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Alhaji ya buɗe ido. Ya dubi faifan, ya daɗe yana dubansa, ya dubi bakin bututun, sannan ya miƙe a hankali. Bai kakkaɓe rigarsa ba. Ya ce "Madalla," ya taka ya fita, jama'a na darewa suna ba shi hanya. Ni kuwa ko rakiya ba ni da fuskar yi, ina nan durƙushe har aka fara kwashe kujeru.

Kwana tara na yi ban ji komai daga Babura ba. Firinsifal ya daina amsa gaisuwata. In na shiga aji na juya zan yi rubutu a allo, sai in ji wani daga baya ya yi "fuu" a hankali. Abinci ya fita raina. Na rubuta wa Hajara wasiƙa shafi huɗu ta ban haƙuri, ta aiko mini da amsa layi ɗaya: "Har cikin kunnensa." Na karanta ta ya fi sau ashirin ina neman inda zan gane ko fushi take ko dariya, ban gane ba. Na haƙura a raina cewa na rasa ta, kuma na san ba wanda ya jawo mini sai ni.

Rana ta goma bayan la'asar Baffa Sule ya zo a kan kekensa. Ya jingine shi, ya sha ruwa, ya zauna, ya fara tambayata lafiyar makaranta da ta ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ina son girgiza dattijo ba sai ranar.

"Na je Babura," in ji shi a ƙarshe. "Ya ba ni saƙo biyu. Na farko tambaya ce. Ya ce kai ka ce abin da ke tsakiya gas yake ci, kuma ka ce feshinsa na korar gas ɗin. To in ya kore shi duka, shi me zai ci?"

Wata shida ina ba da labarin nan daga Kazaure har Kano, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Ashe duk lokacin da ake hura masa bula a gemu, mutumin nan saurarona yake yi.

"Ya ce in ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba."

Na ce, "Ban sani ba, Baffa."

"Ya ce haka za ka ce."

(Shekaru da yawa bayan haka na karanta cewa tambayar nan ita ce masana suka koma suna kokawa da ita. Cibiyar in ta kori abincinta sai ta lafa, feshin ya mutu, gas ya huce ya fara dawowa, sannan ta sake farkawa, haka suke ta yi ita da garkenta, kowa na riƙe da linzamin ɗan'uwansa. Na sa Hajara ta kai masa amsar. Ta dawo ta ce ya ce ai kowane ɗan kasuwa ya san in ka kori masu kawo maka kaya, rufe rumfa za ka yi har su huce.)

Na ce, "Saƙo na biyu fa?"

Baffa ya gyara hularsa, ya dubi sama, na ga gefen bakinsa na motsi.

"Ya ce a turo a sa rana. Ya ce zuciyarsa ta kwanta, ya gani da idonsa. Wai ɗan duba ko na ƙarya ne yakan san abin da zai faru nan da gobe. Kai kuwa ba ka san abin da zai faru nan da taku huɗu ba."

Da kaka aka ɗaura auren. Mutane kan ce ilimi ne ya ba su mata, wasu su ce dukiya, wasu asali. Ni shaidar rashin hangen nesa aka ba ni a gaban jama'a, da ita na samu tawa, kuma ban ga wanda ya fi ni dace ba. Darasin da na ɗauka bai da yawa: kunya abu ce mai kyau, ban ce a daina ba, amma in za ka kawar da fuskarka daga suruki, fara duba inda abin da ke hannunka ya juya tasa fuskar.